Fitila da ɗumi a wurin shan hantsin kunkurun gida

Kunkuru ba ya samar wa jikinsa ɗumi kamar kaza ko akuya. Zafin jikinsa na bin zafin wurin da yake, shi ya sa ake ganin kunkurun ruwa a bakin tafki ya hau dutse ko kututture, ya miƙe wuya da ƙafafu yana shan hantsi. A nan ne yake samun ɗumin narkar da abinci, ƙoƙon bayansa kuma ya bushe. Wanda ya ajiye kunkuru a ɗaki, cikin akwatin gilashi ko baho, ya raba shi da rana, sai ya nema masa madadinta.

Abu biyu rana ke ba shi. Na farko zafi. Na biyu wani ɓangare na haske da idon mutum ba ya gani, wanda ake kira UVB. Da shi fatar kunkuru ke haɗa bitamin D3, kuma idan babu wannan bitamin jiki ba ya cin moriyar kalsiyam da ke cikin abinci, komai yawansa. Sannu a hankali ƙoƙon baya ya yi laushi ko ya karkace, muƙamuƙi ya kumbura, ƙafafu su kasa ɗaukar jiki. Ciwon kan ɗauki watanni kafin a lura da shi, kuma ƙoƙon da ya riga ya karkace ba ya komawa daidai.

Fitilar zafi

Kunkurun ruwan da aka fi kiwo a duniya shi ne mai jan tabo a bayan ido, ɗan asalin kwarin kogin Misisipi a Amurka, wanda masu jin Faransanci suka sani da tortue de Floride. Yana buƙatar busasshen wuri da zai hau gaba ɗayansa, mai zafin digiri 30 zuwa 35 a ma'aunin Selshiyas, ruwan kuma ya tsaya wajen digiri 24 zuwa 26. Wannan bambancin ne ke sa shi fitowa daga ruwa. Idan zafin ruwa da na tudu ɗaya ne, ba zai fito ba.

Ƙwan fitila irin na da mai zare, ko na halojin, mai wat 50 zuwa 75, kan wadatar a akwati madaidaici. Ƙwayayen LED da suka cika kasuwa yanzu ba sa wannan aiki, domin haske suke bayarwa ba zafi ba. Yawan wat ma ba hujja ba ne: ana ɗora ma'aunin zafi a daidai inda kunkurun ke kwanciya, a ɗaga fitilar ko a sauke ta har a samu abin da ake so. A gefe ɗaya ake rataye ta, don ɗaya gefen ya zauna da sanyi, kuma a ɗaure ta da kyau nesa da fantsamar ruwa, saboda ƙwai mai zafi na fashewa idan ruwa ya taɓa shi.

Fitilar UVB

Wannan daban ce, yawanci doguwa, da alamar 5.0 ko 10.0 a jikinta. Ana sa ta kusa da ta zafi, kimanin santimita 25 zuwa 30 daga bayan kunkurun, sai dai in kwalinta ya faɗi wata tazara. Kada gilashi ko roba su shiga tsakani, domin suna tare UVB. Saboda haka ne ajiye akwati a bayan gilashin taga ba ya amfanar da komai ban da ƙara zafi.

Inda masu kiwo da yawa ke yin kuskure shi ne, fitilar kan ci gaba da haske bayan ƙarfin UVB ɗinta ya ragu ƙwarai. Ana canja ta bayan wata 6 zuwa 12 ko da ba ta mutu ba, kuma rubuta ranar da aka sa ta a jikinta ya fi dogaro da tuni. Wanda aka aiko wa fitila daga waje ya duba ƙarfin wutarta: ta Amurka ta volt 120 ce, alhali a Nijar, Kamaru da Chadi 220 ake sha, nan take za ta ƙone.

Fitilun biyu na ci awa 10 zuwa 12 a yini. Da dare a kashe duka, kunkuru na buƙatar duhu.

A ƙasar da rana ba ta da tsada

Mai kiwo a Yamai, Marwa ko Njamena yana da abin da na Turai ke saya da kuɗi. Hantsi kai tsaye a tsakar gida, sau da yawa a mako, ya fi kowace fitila, kuma ɗaukewar wuta ba ta shafe shi ba. Haɗarin a nan shi ne zafi ya wuce kima. A watan Afrilu, da zafi ke haura digiri 40, akwatin gilashi ko ƙaramin baho da aka bari a rana na iya kashe kunkuru cikin ɗan lokaci. Ranar safe ake ba shi, da inuwa da ruwa a kusa inda zai koma da kansa.

Hatta babban kunkurun tudu na Sahel, Centrochelys sulcata, da ake ajiyewa a gidaje, rami mai zurfi yake haƙawa a daji ya ɓuya da tsakar rana. A gidan da aka dafe da siminti ba shi da wannan dama, sai an yi masa rumfa mai sanyi. Shi kuma ba ya barcin lokacin sanyi irin na kunkurun Turai, don haka a daren hunturu na Disamba da Janairu, musamman a wurare kamar Agadas da Damagaram, ƙananansu na bukatar a shigar da su ɗaki ko a sa musu ƙwan tangaran mai ba da ɗumi ba tare da haske ba. Kaskon gawayi a rufaffen ɗaki haɗari ne ga dabba da mutane duka.

Kunkurun da ya daina cin abinci, ko kumfa ke fita daga hancinsa, ko yake iyo a karkace, yana iya kasancewa sanyi ya kama huhunsa. A gyara zafin wurin, a kuma kai shi wurin likitan dabbobi ba tare da jinkiri ba.