Shinkafar Waje da Talakan Gida: Abin da Ya Faru a Haiti da Biyetnam

Duk lokacin da gwamnati ta sassauta harajin fito a kan kayan waje, talakawa iri biyu abin ke shafa: mai zuwa kasuwa da kwanon awo, da mai zuwa da buhu a ka. Arahar da ta faranta ran na farko ita ce ke karya na biyu. Saboda haka sakamakon sassaucin ya dogara ne a kan kayan da aka buɗe wa ƙofa, da kuma abin da yawancin talakawan ƙasar ke ci da shi.

A 1995, bisa matsin Asusun Ba da Lamuni na Duniya da Amurka, Haiti ta sauke harajin shinkafar waje zuwa kashi 3 cikin ɗari. Nan da nan shinkafar Amurka, wadda manomanta ke samun tallafin gwamnati, ta cika kasuwanni har aka laƙaba mata suna "shinkafar Miami". Mazauna birni sun ɗan sami sauƙi, amma manoman kwarin Artibonite suka rasa masu saye, da yawansu suka bar gona suka kwarara unguwannin marasa galihu na Port-au-Prince. Da farashin abinci ya tashi a duniya a 2008, noman gida bai isa ya tare giɓin ba, tarzoma ta ɓarke har firaminista ya rasa kujerarsa. A 2010 tsohon shugaban Amurka Bill Clinton da bakinsa ya amsa cewa manufar ta amfani manoman jiharsa ta Arkansas, amma kuskure ce.

Biyetnam kuwa taki ta sassauta wa shigowa, wato abin da manomi ke saye, sannan ta faɗaɗa adadin shinkafar da aka yarda a fitar waje. Kuɗin noma ya ragu, farashin amfanin gona ya ƙaru, ga shi an riga an raba wa iyalai gonaki. Talauci ya sauka daga kashi 58 cikin ɗari a 1993 zuwa kashi 37 a 1998.

Masu cewa maganin shi ne a garƙame ƙofa su ma suna da tambayar amsawa. Da Najeriya ta rufe iyakokinta na tudu a watan Agustan 2019, masu noman shinkafa a Kebbi da masu casa a Kano sun ga ciniki, amma lebura mai awon kullum ya riƙa sayen mudu da tsada har aka fara buɗe iyakokin a Disamban 2020.