Amon da bai kamata a ji ba

Rami mafi zurfi da ɗan Adam ya taɓa haƙawa yana yankin Kola a arewacin Rasha, zurfinsa kilomita 12 da 'yan kai. Daga inda kake tsaye zuwa tsakiyar duniya kuwa kilomita 6,371 ne. Ko ɓawon ba mu huda ba ke nan. Duk da haka littattafan makaranta suna zana cikin duniya hawa-hawa, sai ka ce wani ya yanka ta ya leƙa. Yawancin abin da ke cikin zanen nan girgizar ƙasa ce ta tona shi.

Duwatsun da ke ƙarƙashinmu suna da tsagogi, wasu tsawonsu ɗaruruwan kilomita. Gefe biyu na tsaga sukan yi ta turereniya shekara da shekaru a maƙale, har ranar da dutsen zai gaza ya zame farat ɗaya. Ƙarfin da ya taru sai ya bazu ko'ina tamkar igiyar ruwa. Iri biyu ne na waɗannan igiyoyi ke ratsa cikin duniya. Ta farko, wadda ake kira P, matse dutse take yi tana saki, tana gudun kusan kilomita 6 a daƙiƙa a ɓawon ƙasa, kuma tana wucewa ta dutse da ta ruwa. Ta biyu, S, gefe da gefe take kaɗa dutse, ba ta kai P sauri ba, kuma da ta tarar da abu mai ruwa-ruwa tafiyarta ta ƙare. Mai sayar da kankana yakan ƙwanƙwasa ta ya saurara kafin ya ce ta nuna. Masana girgizar ƙasa ma haka suke yi, sai dai ba su ke ƙwanƙwasawa ba, jira suke.

A 1906 Richard Oldham, ɗan Birtaniya, ya lura igiyoyin da suka ratsa tsakiyar duniya suna makara, ya ce lallai akwai wata ƙwaya a can ciki. Beno Gutenberg ya auna zurfinta, kusan kilomita 2,900. A 1926 Harold Jeffreys ya kawo hujjar cewa ƙwayar a narke take. Bisa wannan lissafi, ƙwayar tana karkatar da P ta bar wani yanki na doron ƙasa a inuwa. Idan ka auna tazara daga inda aka yi girgizar, tsakanin digiri 104 zuwa 140 bai kamata na'ura ta ji P ba.

Amma na'urori suna ji. Amon ba shi da ƙarfi, don haka aka ɗauke shi ɓurɓushin igiyar da ta goga gefen ƙwayar, aka wuce.

Inge Lehmann ba ta wuce ba. An haife ta a Kwapanhagan a 1888, ta yi karatu a makarantar da ake koya wa maza da mata darasi ɗaya, abin da ba a saba gani ba a lokacin. Daga 1928 ita ke shugabantar sashen nazarin girgizar ƙasa na Denmak, har da tashoshin da ke Girinlan. A watan Yunin 1929 aka yi wata babbar girgiza a Murchison da ke Niyu Zilan, mutum 17 suka rasu. Tashoshi masu nisa, irin su Irkutsk da Sverdlovsk a Tarayyar Sobiyat, sun faɗo cikin yankin inuwar, kuma sun rubuta amon P.

Babu kwamfuta. An ruwaito cewa a kan katuttuka take rubuta bayanan kowace girgiza, ta jera su cikin kwalayen hatsin karin kumallo. Abin da ya fi burge ni, a matsayina na mai rubuta manhaja, yadda ta sauƙaƙe matsalar ne. Ta ƙaddara duniya mai hawa biyu kacal, P na gudun kilomita 10 a daƙiƙa a na sama, 8 a ƙwayar. Ta san ba haka duniyar take ba, amma lissafin ya zama wanda hannu zai iya, kuma duk amon da ya ƙi shiga tsarin ya fito fili. Da ta ƙara wata ƙaramar ƙwaya a cikin ƙwayar, inda P ke ƙara sauri, sai igiyoyin suka karkato suka sauka daidai cikin inuwar.

Ta wallafa sakamakon a 1936, da take mai harafi ɗaya da ɗan ɗigo a kansa: P′. Ba ta cika baki ba, cewa ta yi wannan wata hanya ce da za ta iya bayyana amon. Cikin shekara biyu Gutenberg da Charles Richter suka karɓi ra'ayin, Jeffreys ya biyo baya. Hujja mai ƙarfi cewa ƙwayar cikin daskararriya ce, mai kusan kilomita 1,220 daga tsakiyarta zuwa gefe, ba ta samu ba sai a 1971. Lehmann na raye a lokacin, tana da shekara 83, kuma ba ta ajiye alƙalami ba. Ta rasu a 1993 tana da 104.