Tarihin Motsa Jiki a Makarantun Elementare: Daga Faretin Soja Zuwa Wasan Yara

Manufar wannan ɗan rubutu ita ce a bi sawun darasin motsa jiki, a ga inda ya samo asali, da yadda ya iso makarantunmu, da abin da ya rasa a hanya.

Kafin zuwan Turawa ba a san motsa jiki a matsayin darasi ba a ƙasar Hausa, domin rayuwar yaro ita kanta motsi ce. Almajirin makarantar allo yakan tafi itace saboda wutar karatun dare, ya ɗebo ruwa, ya yi noma a gonar malam. In wata ya yi haske sai dandali, samari su yi langa da kokawa, 'yan mata su yi gaɗa, ga tafi ga waƙa ga tsalle. Babu wanda ya tsara wa yara waɗannan wasanni a takarda, amma suna koyar da juriya da bin ƙa'ida da zama da jama'a.

Shi kuwa motsa jiki na makarantar boko, tushensa yana Turai. A shekarar 1813 wani mutumin Suwidin mai suna Per Henrik Ling ya kafa makarantar horar da malaman motsa jiki a birnin Stockholm. Tsarinsa shi ne a jera mutane sahu-sahu, malami ya ba da umarni, su ɗaga hannu ko su sunkuya gaba ɗaya. A Ingila kuma, bayan dokar ilmi ta 1870, an yarda a 1871 a riƙa koya wa yara maza fareti a makarantun elementare, kuma sau da yawa sajan na soja ne yake koyarwa. Abin da ake nema a nan ladabi ne da biyayya. Daga 1881 wata Baturiya, Martina Bergman, ta yaɗa tsarin Suwidin a makarantun 'yan mata na Landan.

Yaƙin da Ingila ta yi da Turawan Afirka ta Kudu daga 1899 zuwa 1902 ya tayar da hankalin hukuma, domin an sami samari masu yawa da suka zo shiga soja ba su da ƙoshin lafiya. Saboda haka a 1902 aka fito da tsarin da ya ƙara cusa fareti a makarantu. Malamai suka yi ta kuka cewa yaro ba kurtu ba ne. Aka yi ta gyara a 1904 da 1909 da 1919, har aka kai ga littafin tsarin 1933, wanda ya ba wasa da guje-guje da ƙwallo muhimmanci. Wato sai da Turawa suka shekara sittin kafin su gane abin da dandalin ƙauye ya daɗe da sani.

To, wannan gado shi ne ya iso mana. Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar Nasarawa a Kano a 1909. Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Clifford ya yi bikin buɗe ta a 1922, ta horar da malaman da suka watsu a makarantun En'e. A can aka koya musu wasannin 'ya'yan manyan Ingila, kamar kurket da wani wasa da ake buga ƙwallo da tafin hannu a jikin bango. A makarantun elementare kuwa abin da ya fi yawa shi ne jeren safe da maci da atisaye, sai kuma gasar tsere da tsalle a bikin Ranar Daular Ingila, ran 24 ga Mayu. Langa da gaɗa a bakin ƙofar makaranta aka bar su, sai an tashi.

Bayan samun mulkin kai, shirin ba da ilmin firamare kyauta na 1976 ya kawo yara rututu. Azuzuwa suka cika maƙil, malamai suka yi kaɗan. Ko da yake Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977 ta sa motsa jiki da kiwon lafiya cikin darussan firamare, a wurare da yawa darasin ya koma rubutu a allo, ko kuwa a sallami yara su yi ta zarya malami yana inuwa. Bugu da ƙari, filayen wasa na makarantu da dama a birane an yanka su an yi gini. Mafi muni, aka mayar da motsi horo, kamar kamun kunne da tsallen kwaɗo, har yaro ya ɗauka wahalar da jiki sai mai laifi.

Wasu ƙasashe sun sake tunani. A Finlan an saba ba yara hutun minti 15 bayan karatun minti 45. A 2012 wata makarantar firamare a garin Stirling na Sikotlan ta fara fitar da yara su yi gudu ko tafiya na minti 15 kullum, ba tare da kayan wasa ba, makarantu masu yawa suka kwaikwaya. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2020 ta ba da shawarar cewa yara 'yan shekara 5 zuwa 17 su sami aƙalla minti 60 na motsa jiki matsakaici zuwa mai ƙarfi a rana. Dalili kuwa shi ne motsi yana ƙarfafa ƙashi da zuciya, yana kuma taimaka wa yaro ya tattara hankalinsa a aji.

Abin da wannan tarihi ya nuna shi ne ba rashin kuɗi kaɗai ya zaunar da yaranmu ba, har da raina abin da muke da shi. Malami yana iya koyar da ƙidaya da tafin gaɗa, ya koyar da haruffa yara na tsalle daga wannan zane zuwa wancan a ƙasa. Mu ɗaliban Hausa, da yawanmu aji za mu koma. Ya kamata duk wanda ya je gida hutu ya rubuto wasannin garinsu da ƙa'idojinsu daga bakin tsofaffi, ya kawo wa wannan ƙungiya, a tara a miƙa wa makarantun horar da malamai tun masu sanin su suna raye.