Makulli ɗaya, ƙofofi da yawa: Bayani kan tsaron motoci masu ɗaki, karafan da kwantena

Unguwar Rayfield da ke Ƙaramar Hukumar Jos ta Kudu a Jihar Filato ta daɗe da zama wurin shaƙatawa. A nan ne filin wasan golf da aka kafa a 1913 yake, tun zamanin da Turawan haƙar kuza suka zauna a yankin, kuma tafkin da jama'a ke zuwa shan iska a bakinsa tsohon ramin kuza ne da ruwa ya cika. A ƙarshen mako da lokutan bukukuwa baƙi kan kulle motocinsu, su bar jakunkuna da wayoyi a ciki, su nufi bakin ruwa. A wuraren gine-ginen da ke tasowa a unguwar kuma akwai karafan da kwantena da ake ajiye kayan aiki a ciki, ga manyan janareto, ga katafila. Duk wannan dukiya an damƙa amanarta ga ɗan makulli, bisa zaton cewa babu mai irinsa sai mai kayan. Sau da yawa zaton kuskure ne, domin kamfanoni da dama na ƙera dubban kwaɗuna da kubobi da makulli iri ɗaya ke buɗewa.

Inda matsalar ta fi fitowa fili

An fi sanin wannan matsala a Amurka, inda miliyoyin iyalai ke da motoci masu ɗaki, wato mota ko tirela mai gado da kicin da banɗaki, wadda ake tafiya hutu da ita a kwana a ciki. Akasarin irin waɗannan motoci ana haɗa su ne a yankin Elkhart na Jihar Indiana, kuma masana'antun suna sayen kubobinsu daga kamfanoni ƙalilan. Ƙananan ƙofofin da ke jikin motar ta waje, inda ake ajiye kayan aiki da kujerun zama da igiyoyin lantarki, da yawansu makulli ɗaya ne ke buɗe su, wanda aka buga wa lamba CH751. Ana sayar da shi a shaguna da intanet a kan kuɗi kaɗan, ba tare da an tambayi mai saye ko yana da mota ba. Saboda haka a sansanin da motoci ɗari suka sauka, baƙo ɗaya na iya buɗe ma'ajiyar maƙwabtansa da dama da makullin da ke aljihunsa.

Babbar ƙofar shiga motar kan zo da kuba biyu: ta jikin mariƙin ƙofa, da ta sakata. A samfura da yawa dillalai suna da babban makulli da ke buɗe ta mariƙin, domin mai talla ya zagaya da masu saye mota bayan mota ba tare da ya ɗauki damin makullai ba. Irin wannan babban makulli ma ya daɗe da fita daga hannun dillalai ya shiga kasuwa. Bugu da ƙari, jerin makullan da wasu kamfanoni ke yi wa ƙofofin gajere ne, bai kai iri ɗari ba.

Yadda kwaɗo ke gane makullinsa

Yawancin kwaɗuna da kubobin zamani suna bin tsarin da Ba'amurke Linus Yale ƙarami ya yi wa rajista a 1861 da 1865. A cikin kwaɗon akwai wani ƙarfe mai juyawa, wanda ƙananan fil-fil masu tsawo daban-daban suka tokare, sifirin na danna kowanne daga sama. Idan aka zura makullin da ya dace, haƙoransa kan ɗaga kowane fil zuwa daidai inda zai saki ƙarfen, sai ya juya, kwaɗo ya buɗe.

Yawan fil da yawan zurfin yankan haƙora su ne ke nuna makulli iri nawa za a iya ƙerawa. Kwaɗo mai fil 5 da zurfi iri 10 zai iya samun makulli iri 100,000 a lissafi, ko da yake a aikace adadin ya yi ƙasa da haka, domin wasu yankan ba sa shiga ko fita cikin sauƙi. Mai fil 4 da zurfi iri 4 kuwa iyakarsa 256. Ƙananan kubobin da ake sa wa durowa da kabad da akwatunan jikin mota, ciki har da na CH751, galibi faifan ƙarfe marasa kauri ne a cikinsu maimakon fil, kuma sun fi saurin yarda da makullin da ya yi kama da nasu.

Hanyoyi uku da makulli ke buɗe kwaɗon da ba nasa ba

Ta farko ita ce da gangan. Kamfani kan ƙera kaya masu yawa da makulli ɗaya domin rage kuɗi da sauƙaƙa aiki. Haka abin yake ga manyan injunan gini da na haƙar ma'adinai: a al'adance injunan kamfanin Caterpillar da yawa makulli ɗaya ke tayar da su, domin direba ko makaniki ya sauka daga wannan ya hau wancan. Sauran kamfanonin injuna ma kowanne na da nasa makullin gama-gari.

Ta biyu ita ce babban makulli, wanda masu sana'ar ke kira masta. Ana amfani da shi a otal-otal da makarantu da ofisoshi, inda kowane ɗaki ke da makullinsa, amma shugaba na da guda mai buɗe duka. Ana samun haka ne ta hanyar ƙara wani guntun fil a kowane rami, ta yadda ramin zai saki a wuri biyu. Illar ita ce kuba mai rami 5 da aka yi wa haka duka za ta buɗu da makulli iri 32, ba biyu kacal ba. A 2003 masanin tsaron kwamfuta Matt Blaze, wanda a lokacin yake aiki da kamfanin AT&T, ya wallafa binciken da ya nuna cewa mai riƙe da makullin ɗaki ɗaya zai iya gano yankan babban makullin ginin gaba ɗaya. Akwatunan tafiya masu alamar jan lu'ulu'u, waɗanda jami'an tsaron filayen jiragen saman Amurka ke buɗewa da manyan makullansu, su ma asirinsu ya tonu: jaridar Washington Post ta buga hoton makullan a 2014, kuma a 2015 wasu suka kwaikwayi siffarsu suka baza a intanet.

Ta uku ita ce dace da kuma tsufa. Idan samfurin kwaɗo na da makulli iri 100 kawai, kuma 'yan kasuwa 13 da ke layi ɗaya suka sayi irinsa, lissafi ya nuna yiwuwar biyu daga cikinsu su samu makulli ɗaya ta haura rabi. Tsufa kuma na ƙara buɗe ƙofa: ƙura da yawan juyawa kan cinye haƙoran makulli da fil-fil ɗin ciki, har kubar tsohon babur ko tsohuwar mota ta riƙa karɓar duk makullin da ya yi kusa da nata.

Yadda abin ya shafi Najeriya

Motoci masu ɗaki ba su da yawa a Najeriya, amma irin kubobinsu suna ko'ina. Su ne a jikin karafan da 'yan kwangila ke mayarwa ofis, da murfin manyan janareto, da akwatunan lantarki, da durowar ofis, da akwatin kayan aiki na bayan a-kori-kura. Kayan da aka shigo da su na hannu daga Amurka da Turai suna isowa ne da kubobinsu na asali, kuma babu mai iya ƙididdige kwafi nawa aka yanka kafin su baro can.

Kwantenar da aka mayar shago ko sito tana da ƙarfin jiki, amma tsaronta bai wuce na kwaɗon da aka rataya mata ba. Ɗan kasuwa kan zuba kayan miliyoyin naira a ciki, sannan ya nemi kwaɗo mafi araha a kasuwa. Irin waɗannan kwaɗuna kan zo katan-katan daga masana'anta ɗaya, kuma mazauna unguwa ɗaya kan saye su a shago ɗaya, wanda hakan ke ƙara yiwuwar dacewar makullai tsakanin maƙwabta.

A ɓangaren motoci an samu ci gaba. Tun daga 1998 ƙasashe irin su Jamus da Birtaniya suka wajabta sa wa sababbin motoci na'urar da ke hana inji tashi sai ta gane wani ɗan guntun lantarki da ke cikin kan makulli. Wannan na'ura inji kawai take karewa. Makullin da ya dace da kubar ƙofa zai buɗe ta ko da ba zai tayar da motar ba, kuma abin da aka bari a kan kujera ya tafi ke nan. Yawancin babura da Keke Napep da tsofaffin motocin haya ba su da na'urar ko kaɗan.

Sata ba tare da ɓalle ƙofa ba

Asarar irin wannan sata kan wuce ta dukiya. Idan aka wayi gari kaya sun ɓace alhali kwaɗo na nan a kulle, zargi kan faɗa kan na kusa: maigadi, yaron shago, direba, 'yar aiki, wani lokaci har ɗan'uwa na jini. Mutum na iya rasa aikinsa, ko ya kwana a ofishin 'yan sanda, ko zumunci ya lalace, bisa hujjar cewa shi kaɗai ke da ɗaya makullin. Wannan hujja ba ta da ƙarfi matuƙar kwaɗon na cikin waɗanda makullinsu ke yawo a kasuwa. Ya kamata mai kaya da mai bincike su fara tabbatar da ingancin kwaɗon kafin su ɗora laifi a kan wani.

Akwai kuma batun inshora. Yarjejeniyar inshorar fasa shago ko gida kan ƙunshi sharaɗin cewa sai an ga alamar an shiga da ƙarfi kafin a biya diyya. Wanda aka buɗe masa da makulli na iya samun kansa babu kaya, babu diyya. Yana da kyau mai inshora ya karanta wannan sharaɗi tun kafin ya sa hannu.

Matakan kariya

Mataki na farko shi ne duba makullin da kansa. Idan an buga masa gajeriyar lamba, a nemi lambar a intanet. Idan aka ga ana sayar da shi a yanke, to makullin gama-gari ne. Haka kuma a gwada makullan gida ko na ofis a kan juna, domin dacewar da ba a sani ba kan bayyana a nan take.

Duk wanda ya sayi karafan, kwantena, janareta ko mota ta hannu, ko ya tare a gidan haya, ya sauya kubobin kafin ya zuba kaya. Ƙaramar kubar akwati noti ɗaya ke riƙe da ita ta baya, kuma sauya ta aikin 'yan mintoci ne idan aka auna tsawonta aka sayo daidai. A ƙofar da ke da kuba biyu, a riƙa kulle ta sakata koyaushe, domin a samfura da yawa babban makullin dillalai ba ya buɗe ta.

Wajen sayen kwaɗo a nemi mai fil 5 ko 6, mai taurin wuya, kuma kada a sayi irin wanda duk layin ke amfani da shi. Ga kwantena, mai walda na iya ƙera akwatin ƙarfe da zai rufe kwaɗon ta yadda zarto da almakashin ƙarfe ba za su kai gare shi ba. A kuma duba ƙarfen da ake rataya kwaɗon: idan kusoshinsa na waje, sukundireba ta ishi ɓarawo.

Babur da Keke da katafila suna buƙatar kariya ta biyu da ba ta dogara da makullin kamfani ba, kamar sarƙa mai kauri, ƙarfen kulle sitiyari, ɓoyayyen makunnin da ke yanke wutar batir, ko na'urar bin sawu. Hausawa na cewa kula da kaya ya fi ban cigiya: kuɗi da takardu da kwamfuta kada a bar su a mota ko a akwatin waje, ko da an kulle.

Kada a ɗauki hoton makulli a sa a Facebook ko WhatsApp, domin ana iya yanka kwafi daga hoto. Idan za a bar mota wurin makaniki ko masu wanki, a cire makullan gida da na shago daga zoben. Hukumomi da kamfanonin da ke amfani da babban makulli su ajiye littafin da ke nuna wanda ya karɓa da ranar da ya mayar, su kuma sauya kubobin da zarar ɗaya ya ɓace.

A ƙarshe, karafan ko motar da mutane ke kwana a ciki ba a kulle ta da kwaɗo ta waje. Duk kubar da za a ƙara mata ta kasance wadda na ciki zai buɗe da hannu cikin duhu ba tare da neman makulli ba, domin idan gobara ta tashi ko hayaƙin gawayi ko na janareta ya cika ɗakin, daƙiƙoƙi kaɗan ne ke tsakanin tsira da halaka.