Daga Ganuwa Zuwa Jiniya: Tarihin Gargaɗi a Birnin Jidda

Kowane birni na duniya yana da hanyar da yake bi ya sanar da mutanensa cewa masifa ta doso. A ƙasar Hausa, can da, tambari da ƙaho da muryar mai shela su ne ke wannan aiki. In mahara sun ɓullo, kafin a jima labari ya game gari, na gona su sheƙo, a rufe ƙofofi. Birnin Jidda, wanda ke bakin Bahar Maliya, kimanin mil 45 yamma da Makka, shi ma yana da nasa tarihin ta wannan fanni, kuma tarihin ya shafi Hausawa ƙwarai, gama ta nan ne mafi yawan alhazai ke shiga ƙasa mai tsarki.

Tun zamanin Halifa Usman ɗan Affan, wajen shekarar 647, aka mai da Jidda tashar jiragen ruwan Makka a madadin Shu'aiba. Arzikin da ya biyo baya ya jawo idon maƙiya. A farkon ƙarni na 16, sa'ad da jiragen Fotugal suka fara kai kawo a tekun Indiya, Sarkin Masar Ƙansuh al-Ghauri ya tura wani jarumi nasa, Husaini al-Kurdi, ya kewaye garin da ganuwa, wajen shekarar 1509. Ba a daɗe ba aka ga amfaninta. A 1517 rundunar jiragen Fotugal ta iso gaban Jidda, amma igwogin da aka girke suka hana ta sauka, ta juya.

Muddin ganuwar nan tana tsaye, gargaɗi ba shi da wuya. Garin ƙarami ne, mutum na iya zagaye shi da ƙafa cikin sa'a guda. Mai tsaro a kan hasumiya yana hangen teku da sarari, ƙarar igwa ɗaya kuwa ta isa kowane lungu, daga Ƙofar Makka har Ƙofar Sharif. Da dare a kan rufe ƙofofi. Sai dai fa tun a lokacin akwai waɗanda ke kwana a waje. Takari, watau mutanen Afirka ta Yamma da suka zo hajji da ƙafa suka zauna neman guzurin komawa, bukkokinsu suna bayan ganuwa ne. A 1947 aka rushe ganuwar, kuɗin man fetur ya shigo, garin ya bazu kudu da arewa da gabas, har ya zama yau mutanensa sun haura miliyan uku da rabi. Birni irin wannan ya fi ƙarfin igwa da mai shela.

Abin da manyan birane suka ƙirƙiro a madadinsu shi ne jiniya. Wani masani Bafaranshe, Cagniard de la Tour, ya ƙera irinta a 1819. Dabarar ba ta da wuyar ganewa: faifai ne mai huji yana juyawa da sauri yana datse iskar da ake hurowa, yawan saurinsa yawan tsinin kukansa. A Yaƙin Duniya na Biyu ta shiga rayuwar talakawa. Mutanen Landan sun koyi kuka iri biyu: mai hawa da sauka yana nufin jiragen Jamus sun taso, a shiga rami, mai tafiya bai ɗaya kuwa yana nufin an sami lafiya, a fito. Jiniya ba ta magana, saboda haka amfaninta ya dogara ga abin da aka koya wa mutane tun kafin ranar.

Inda aka fi zurfafa tunani a kan wannan al'amari shi ne kewayen tashoshin lantarki masu aiki da nukiliya, kuma haɗari ne ya tilasta hakan. Da asubahin Laraba, 28 ga Maris 1979, wani bawul ya maƙale a buɗe a tashar Three Mile Island, kusa da Harrisburg a jihar Pennsylvania ta Amurka. Ruwan da ke sanyaya tukunyar ya zube, kusan rabin cikinta ya narke. Tururin guba da ya fita kaɗan ne, amma ruɗani ya yi yawa. Kamfani yana faɗin wannan, hukumomi suna faɗin wancan. Ranar Juma'a, 30 ga wata, Gwamna Dick Thornburgh ya shawarci mata masu ciki da ƙananan yara da ke cikin mil 5 su tashi. Mutum wajen 140,000 suka kwashe nasu ya nasu suka bar yankin, da yawansu bisa jita-jita kawai.

Shugaba Jimmy Carter ya kafa kwamitin bincike a ƙarƙashin John Kemeny, kuma a 1980 hukumar kula da nukiliya ta Amurka ta fito da sababbin dokoki. Aka shata da'ira ta mil 10 a kewayen kowace tasha, aka ce tilas a sami hanyar sanar da mutanen cikinta cikin kamar minti 15. Aka shata wata ta mil 50 domin lura da ruwan sha da madara da amfanin gona. Daga nan aka kakkafa jiniyoyi a kan dogayen turaku, ana gwada su a ranakun da kowa ya sani, ana kuma raba wa gidaje takardun bayani kowace shekara. Abin da takardun ke nanatawa shi ne, in ka ji jiniya kada ka ruga waje, ka buɗe rediyo ka ji umurni. Wani lokaci zama cikin ɗaki da rufe tagogi ya fi gudu aminci.

Bayan shekara bakwai duniya ta ga abin da shiru ke jawowa. Da ƙarfe 1 da minti 23 na daren 26 ga Afrilu 1986, tukunya ta huɗu ta fashe a Chernobyl, cikin Yukren ta Tarayyar Sobiyat. Garin Pripyat, mai mutum wajen 49,000, bai fi mil biyu daga wurin ba. Gari ya waye, yara suka tafi makaranta, aka ci kasuwa. Sai bayan sa'a 36 aka fara kwashe jama'a, aka ce musu su ɗauki kayan kwana uku, ba su kuwa sake komawa zama ba. Ƙasashen waje ma ba daga Mosko suka fara ji ba. Ma'aikatan tashar Forsmark a Suwidin ne na'urorinsu suka nuna guba ranar 28 ga wata. Saboda wannan aka ƙulla yarjejeniya a Biyana, cikin Satumba 1986, wadda ta wajabta wa ƙasa ta gaggauta sanar da maƙwabtanta in irin wannan haɗari ya auku.

Na Fukushima a Japan, 11 ga Maris 2011, ya ƙara wani darasi. Girgizar ƙasa da igiyar teku sun katse lantarki da wayoyi, har wasu shugabannin garuruwa a talabijin suka ji umurnin tashi. An faɗaɗa da'irar daga kilomita 3 zuwa 10, sa'an nan 20, cikin kwana biyu. Wasu mutanen garin Namie suka nufi arewa maso yamma, ashe can iska ta kora gubar, alhali gwamnati tana da lissafin kwamfuta da ba ta bayyana a kan lokaci ba.

Ƙasar Saudiyya ta san kukan jiniya ta hanyar yaƙi. A Janairu da Fabrairu 1991 Iraƙi ta yi ta harba makaman Scud a kan Riyad da Zaharan, mutane suna farkawa cikin dare suna laluben abin rufe fuska don tsoron iskar guba. Jidda tana nesa da inda makaman ke kaiwa, har iyalai da yawa daga gabas suka zo suka fake a cikinta. Jarrabawar Jidda ta zo ne daga baya, kuma daga inda ba a zata ba, watau ruwan sama, a garin da kan yi watanni bai ga ɗigo ba.

Gabas da birnin akwai duwatsu, daga cikinsu kuma kwaruruka suka gangaro zuwa teku. Da yake sukan shekara da shekaru a bushe, sai aka yanka filaye a cikinsu, aka gina gidaje da tituna, magudanai kuwa ba su wadata ba. Ranar Laraba, 25 ga Nuwamba 2009, wadda ta zo daidai da 8 ga Zulhajji 1430, ranar da alhazai ke fita Mina, ruwan da ya zarce na shekara guda ya sauka cikin sa'o'i kaɗan. Kwaruruka suka tuna hanyarsu. Ambaliya ta afka wa Ƙuwaiza da Kilo 14 da wasu unguwannin gabas da kudu, inda masu ƙaramin ƙarfi da baƙi suka fi yawa. Ta share motoci a kan babbar hanyar Haramaini, ta shiga Jami'ar Sarki Abdul'aziz. Fiye da mutum 120 suka rasu, akasarinsu a cikin gidaje da motoci, ba tare da wani ya ce musu su tashi ba.

A ranar, aikin ceto ya faɗa a wuyan maƙwabta. Wani ɗan Pakistan, Farman Ali Khan, ya ɗaura igiya ya tsamo mutum 14, ruwa ya tafi da shi yana ƙoƙarin ceton na gaba. Daga baya gwamnati ta ba shi lambar girma ta Sarki Abdul'aziz. Kwanaki bayan ambaliyar tsoro bai kwanta ba, domin a gabashin gari akwai tafkin da tankoki ke juye ƙazantar birni, wanda mutane suka laƙaba wa suna Tafkin Miski don ba'a. Jita-jita ta yi ta yawo cewa madatsarsa za ta ɓalle. Sarki Abdullahi ya ba da umurni a biya iyalan kowane mamaci riyal miliyan guda, ya kuma kafa kwamitin bincike a ƙarƙashin Gwamnan Makka, Yarima Khalid al-Faisal. Aka gurfanar da ma'aikata da 'yan kwangila, aka ƙafe tafkin a 2010.

Ba a gama gyara ba ruwa ya komo. Ranar 26 ga Janairu 2011 ya sake cin gari, madatsar Ummul Khair ta karye, mutum wajen 10 suka rasu. Daga nan aka duƙufa gina madatsai a bakin kwaruruka da manyan magudanai masu kai ruwa teku. Aka kuma gyara hanyar sanarwa: hukumar duba yanayi ta riƙa fitar da gargaɗi daki-daki bisa girman haɗari, hukumar kare farar hula, wadda mazauna ke kira Difa'ul Madani, ta riƙa aika saƙo ta wayoyin hannu. Ranar 24 ga Nuwamba 2022 aka auna milimita 179 cikin sa'a shida a kudancin Jidda, fiye da na 2009 nesa ba kusa ba. An riga an ba da sanarwar rufe makarantu, aka tsai da zirga-zirga a hanyar Makka na wani lokaci, jiragen sama suka jinkirta. Dukiya ta salwanta da yawa, amma mutum biyu aka ba da labarin rasuwarsu. Madatsai sun yi nasu aiki, haka kuma zaman da yara suka yi a gida.

Saudiyya ba ta da tashar lantarki ta nukiliya mai aiki, amma ta daɗe da bayyana niyyarta. A 2010 ta kafa hukuma ta musamman mai sunan Sarki Abdullahi domin makamashin nukiliya da na rana, a 2018 kuma ta kafa mai sa ido. Maƙwabta sun riga ta: tashar Bushehr ta Iran ta fara ba da wuta a 2011, ta Barakah a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa a 2020. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ƙasar da yawancin ruwan shanta daga teku ake tace shi, kamar yadda Jidda ke sha daga matatar Shu'aiba, tilas ta damu da abin da ke faruwa a gaɓar tekun da ke kewaye da ita.

Akwai kuma bambanci babba tsakanin masifun biyu. Ambaliya ana ganinta, ana jin rurinta, mai hankali yana iya hawa bene ko ba a ce masa kome ba. Gubar nukiliya ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta da ƙara. Mutum ba shi da abin dogara sai maganar hukuma, ita kuwa maganar ba ta da amfani sai in ta zo da wuri, an fahimce ta, an kuma gaskata ta. Gaskatawar nan tana da saurin zubewa. A Hawaii, 13 ga Janairu 2018, an aika wa jama'a saƙon kuskure cewa makami mai linzami yana tafe, aka yi minti 38 kafin a aika na gyara.

Batun fahimta shi ne ya fi nauyi a Jidda. Babban kaso na mazaunanta baƙi ne, ga kuma alhazai da masu umara da ke sauka a filin jirgin Sarki Abdul'aziz daga kowace kusurwa ta duniya. Najeriya kaɗai an sha ba ta kujeru 95,000 a shekara. Tsohuwar da ta taso daga ƙauyen Katsina ko Maraɗi, ba ta jin Larabci balle Turanci, wataƙila wayarta ma tana hannun jagora, in jiniya ta yi kuka ba za ta san ko fita ake nufi ko zama ba. A 'yan shekarun nan ana fassara huɗubar Arafa zuwa harsuna da dama, har da Hausa, abin da ya nuna cewa hanyar isar da magana ga irinta tana nan. Sauran aiki yana kan hukumomin alhazai na ƙasashen da ke turo mutane, su sa bayanin gargaɗi da lambobin neman agaji cikin bitar da ake yi wa maniyyata tun a gida, tare da bayanin ɗawafi da jifa.