Garkuwar jikin mace da ta namiji: ina bambancin yake?

Garkuwar jiki ita ce rundunar da ke cikin jininmu, mai yaƙi da ƙwayoyin cuta. Kowa na da ita, amma likitoci sun gano cewa ta mace da ta namiji ba su aiki iri ɗaya.

Daga ina bambancin ya taso?

Na farko, gado. A cikin ƙwayoyin halitta akwai wasu zare da ake kira kuromozom. Mace na da X biyu, namiji na da X ɗaya da Y ɗaya. A kan X ɗin nan ne aka rubuta umarni da yawa na aikin garkuwa, shi ya sa mace ke da ribar samun biyu. Na biyu, sinadaran jiki. Istirojin na mata yakan zaburar da garkuwa, testosteron na maza kuwa yakan ɗan sassauta ta.

Sakamakon haka, galibi jikin mace ya fi saurin kakkaɓe cuta, kuma ya fi amsa allurar rigakafi. Maza sun fi kamuwa da tarin fuka, kuma a lokacin korona maza sun fi mutuwa. Amma ba halitta kaɗai ba ce: shan taba, ƙurar wuraren haƙar zinariya da jinkirin zuwa likita duk suna ƙara wa maza nauyi.

Ƙarfin ma na da nasa farashi. Wani lokaci garkuwa kan ruɗe ta juya kan jikin mai ita, ta kawo ciwon gaɓoɓi mai kumburi ko ciwon lupus. Kusan 8 cikin 10 na masu irin waɗannan cututtuka mata ne.

Lokacin ciki

Nan ne abin ya fi shafar mu a Tasawa da Mayahi. Idan mace ta ɗauki ciki, garkuwarta kan canza salo don kada ta yaƙi ɗan da ke cikinta. To, masassarar cizon sauro kan sami ƙofa: ƙwayoyinta su maƙale a mahaifa, ko da matar ba ta jin zafin jiki. Abin da ke biyo baya shi ne ƙarancin jini, ɓari, ko haihuwar jariri maras nauyi. Mai cikin fari ta fi kowa shiga haɗari, musamman daga Agusta zuwa Oktoba. Haka kuma a 2017, da ciwon hanta nau'in E ya ɓarke a jihar Diffa, mafi yawan waɗanda suka rasu mata ne masu ciki.

Me ya kamata a yi?

Tun 2006 Nijar ta sa awon ciki cikin ayyukan kyauta a likitocin gwamnati. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai ciki ta fara shan maganin rigakafin masassara, wanda aka sani da Fansidar, bayan wata uku na farko, aƙalla sau 3, da tazarar wata guda. Ta kwana cikin sange, ta karɓi allurar tetanus, wadda ke kare ta da jaririnta.

Maigida, tarin da ya wuce sati biyu ba na ƙura ba ne kawai, a je a auna. Ƴan uwa da ke Libiya, Aljeriya ko Najeriya kuwa, in kun kira gida, ku tambaya ko uwargida ta je awo, ku aiko da kuɗin mota.