Tarwaɗa: Daga Kududdufi Zuwa Tankin Gida

Tun kafin akwatin gilashi na kifin ado ya shigo, mutanen fadamun Ikara, Maƙarfi da Kudan sun san kifin da ke jure ƙunci: tarwaɗa. Tana shaƙar iska kai tsaye, shi ya sa ko kududdufi ya janye da rani takan lafe cikin laka, alhali karfasa ta riga ta mutu. Wannan juriyar ce ta ja masu tankunan siminti gare ta a shekarun 2000. Wasu za su ce kifin pleco, ɗan Kudancin Amurka, ya fi dacewa da falo, tunda yana lashe gansakuka. Gaskiya ne, amma ado kawai yake yi. Tarwaɗa kuwa tukunya take shiga, kuma ta fi ƙarfin ƙaramin gilashi.